Makullin Rumbun Tsimi

 Yau ba zancen taki ba ne, ba kuma na maganin fara ba ne. Tambaya na kawo muku, tsohuwar tambaya wadda ta girmi kakannin kakanninmu. In mutum ya yi wani aiki muka ce ya kyauta, ko muka ce bai kyauta ba, da mi muka auna? Hatsi da tiya ake auna shi. Igiyar rijiya da gaba ake auna ta. To, aikin ɗan Adam fa, mine ne ma'auninsa?

Don kada zance ya tashi sama kamar hayaƙi, bari in ɗaure shi da misali. Misali ne kawai, shi ya sa ban sa sunan gari ko na mutum ba. Amma duk wanda ya ga yunwar 1973 da 1974, ko ta 1984 da 1985 wadda ake ce ma El Buhari a ƙasar Maraɗi, ko matsin 2005, ya san irin daren da zan faɗa.

Wani gari ne mai gida 60. Da kaka mutanen garin suka tara iri, kowane gida ya kawo nasa, aka zuba cikin ɗakin ajiya na gari wanda suke ce ma rumbun tsimi. Aka sa ƙofa, aka sa kwaɗo. Suka kafa doka da bakinsu: ba a buɗe ɗakin sai ruwan shuka ya sauka, kuma ba a buɗe shi sai mutum uku na kwamiti suna tsaye. Makulli kuwa aka ba wani dattijo, domin tun yana saurayi ba a taɓa jin ya ci ko dala ta wani ba.

Bazara ta zo da tsanani. Hatsi ya ƙare a gidaje. Mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa ma ciki. Rannan da tsakar dare wata mata ta yi sallama a ƙofar dattijon. Mijinta ya tafi ci-rani wata 5 ke nan, ba aike, ba labari. Ƴaƴanta 3.

Ta durƙusa ta ce: "Baba, kwana biyu ke nan ban ɗora tukunya ba. Ƙaramin har ya daina kuka."

Dattijon ya duba gidansa, ba kome sai ragowar dusa. Abokan kwamitinsa biyu ba su nan. Ɗaya maigari ne, ya tafi birni neman taimako, sai jibi zai dawo. Ɗayan yana wajen ci-rani. Dattijon ya yi shiru, ya daɗe. Sannan ya ce: "Tashi, ɗiyata, ɗauko ƙwaryarki." Ya buɗe ɗakin, ya auna mata tiya 3, ya maida kwaɗo.

To, jama'a, ya yi daidai, ko ya ci amana?

Masu auna amfani

A ce mutanen gari sun taru gindin bishiya suna wannan gardama. Wanda zai fara magana ɗan kasuwa ne, wanda ya saba da lissafi. Zai ce: "Ku bar dogon zance. Ku duba abin da aikin ya haifar. Tiya 3 ta fita, yara 3 sun tsira. Wa zai ce hatsi ya fi rai?"

Ɗan kasuwan bai sani ba, amma akwai manyan masana a bayan maganarsa. A ƙasar Ingila an yi wani masani mai suna Jeremi Bentam. An haife shi a Landan a 1748, ya rasu a 1832. Cikin littafin da ya fitar a 1789 ya koyar da cewa aiki nagari shi ne wanda ya ƙara jin daɗi, ya rage wahala, ga dukan mutanen da aikin ya shafa. Ya ce a auna daɗin da wahalar kamar yadda ake awo a kasuwa: ƙarfinsu nawa ne, za su daɗe ko za su wuce da sauri, tabbas ne ko shakka, mutum nawa za su taɓa. A cikin wannan awo wahalar sarki da ta talaka nauyinsu ɗaya ne. Har dabba ya sa cikin lissafi, domin ita ma tana jin zafi. Masu dukan jaki da ƙulki, kun ji.

Akwai gaskiya babba a nan. In gari ya waye aka tarar da gawar yaro, ga ɗaki cike da hatsi taki 50 daga gidansu, ba mai yaba ma dattijon a kan ya riƙe doka.

Amma lissafi ba ya tsayawa inda ɗan kasuwa ya tsaida shi. Tiya 3 in an ci ta, ba za ta kai mako guda ba. In an shuka ta, za ta rufe gonar mutum guda, kuma in damana ta yi kyau a samu buhu 3 ko 4. Gobe da dare mata 10 za su zo, domin labari ba ya kwana. In kowane gida cikin 60 ya karɓi tiya 3, tiya 180 ke nan, buhu 4 da rabi. Ranar da ruwa ya sauka, da mi za a yi shuka? Baɗi kuma wa zai sake kawo irinsa ajiya, tun da ya ga ƙofar tana buɗewa da dare? Kun ga ma'aunin da ya wanke dattijon, shi ne kuma zai iya kama shi. Ga shi dattijon bai san ranar da ruwa zai sauka ba, bai san ko maigari zai dawo da taimako ko hannu wofi ba. Awo yake yi cikin duhu.

Wani masanin Ingila, Jon Situwat Mil, ɗan abokin Bentam, ya yi ƙoƙarin gyara wannan. Ya rayu daga 1806 zuwa 1873. Cikin littafinsa na 1863 ya ce ba sai mutum ya sake lissafi kullum ba. Dokokin da muka gada, kamar kada ka yi ƙarya, kada ka ci amana, lissafi ne da mutanen da suka riga suka yi, suka bar mana amsarsa. Manomi ba ya sake gwadawa kowace shekara don ya ga ko hatsi zai fito a kan dutse. Duk da haka Mil ya yarda cewa don ceton rai mutum yana iya ɗaukar abinci ko magani ba da izini ba.

Akwai wani rami da ya fi wannan zurfi. Ga labari na gaskiya, ba misali ba. A 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Minyonet ya tashi daga Ingila za shi Ostareliya, da mutum 4 a ciki. Ranar 5 ga watan Yuli hadari ya nutsar da shi tsakiyar teku. Mutanen suka faɗa cikin ƙaramin kwalekwale, ba ruwan sha, abincinsu gwangwani 2 kawai. Mako ya wuce, na biyu ya wuce. Ƙaraminsu, yaro mai shekara 17 da ake kira Ricad Parka, ya sha ruwan gishiri na teku, ya kwanta ciwo. Da suka kai kwana kusan 20, kaftin ɗinsu Tom Dadli ya yi lissafi. Yaron nan maraya ne, kuma da alama mutuwa zai yi. Shi kuwa da mataimakinsa suna da mata da ƴaƴa a gida. Ɗaya ya mutu uku su rayu, ko huɗu su mutu duka? Ya yanka yaron. Da namansa suka rayu har wani jirgi ya tsince su bayan kwana 4.

Da suka iso gida ba su ɓoye ba, da bakinsu suka faɗa, suna ganin larura ce ta wanke su. Alƙalan Ingila suka ce a'a, larura ba ta halatta kashe wanda bai yi laifi ba. Aka yanke ma kaftin da mataimakinsa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta ya koma ɗaurin wata 6.

Ku duba da kyau. In lissafi ne kaɗai ma'auni, uku sun fi ɗaya, kaftin ya yi daidai. Amma zuciyar kowa tana ƙin wannan amsa. Domin mi? Domin yaron ba a tambaye shi ba. Masu ƙarfi ne suka yi lissafi, mai rauni ya biya.

Masu riƙon doka

Sai wani tsohon soja ya karɓi magana. Zai ce: "Ni ban san lissafi ba. Hatsin nan ba na dattijo ba ne, na gida 60 ne. Amana aka ba shi, ya ɗauki alkawari gaban jama'a. Kyauta da kayan wani ba kyauta ba ce."

Shi ma yana da babban malami a bayansa, Imanuwel Kant na ƙasar Jamus. An haife shi a 1724 a garin Kenigsbag, wanda yanzu yake cikin ƙasar Rasha da sunan Kaliningrad. Ubansa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Ya rasu a 1804. Kant ya ce kyawun aiki ba ya rataye a kan abin da aikin ya haifar, domin wannan ba a hannunmu yake ba. Mugu yana iya yin abu don cuta, ya zama alheri. Mutumin kirki yana iya yin iyakar ƙoƙarinsa, abu ya lalace. Abin da ke hannunmu shi ne ƙa'idar da muka bi.

Cikin littafinsa na 1785 ya ba da gwaji. Kafin ka yi aiki, ka tambayi kanka: zan yarda kowa da kowa ya riƙa yin haka, ya zama doka a duniya? Ya kawo misalin mai cin bashi wanda ya san ba zai biya ba, amma ya yi alkawarin biya. In kowa ya riƙa yin haka, ba wanda zai ƙara yarda da alkawari, bashin kansa zai ƙare. Ashe maƙaryacin nan yana cin albarkacin masu gaskiya ne. Yana so kowa ya riƙe doka, shi kaɗai a ɗauke masa.

Gwajinsa na biyu ya fi shiga raina. Ya ce kada ka taɓa maida ɗan Adam kayan aiki kawai, kamar gatari ko guga, wanda ake amfani da shi a ajiye. Kowane mutum yana da darajar da ba ta da farashi. Da wannan gwaji kaftin Dadli ya faɗi tun ba a je gaban alƙali ba, domin ya maida yaron guzuri.

Kant ya taɓa zancen amana kai tsaye. Cikin wani rubutu na 1793 ya kawo misalin mutumin da aka ba ajiyar dukiya. Mai dukiyar ya mutu, magadansa masu arziki ne kuma ba su san da ajiyar ba. Mai riƙon ajiyar kuwa talauci ya kama shi, iyalinsa suna wahala. Ya halatta ya ci? Kant ya ce ko yaro mai shekara 8 ko 9 aka tambaya, zai ce bai halatta ba.

Har nan muna tare da shi. Amma a 1797 wani marubuci a Faransa, Banjaman Konstan, ya ƙure shi. A ce mai kisan kai ya zo ƙofarka yana neman abokinka da ya ɓuya cikin ɗakinka, ya tambaye ka ko yana ciki. Kant ya amsa cewa ko a nan ma ƙarya ba ta halatta ba. Ni dai a nan na rabu da shi. Wanda ya miƙa baƙonsa ga mai wuƙa don kada bakinsa ya yi ƙarya, ya tsare tsabtar rigarsa ne, ya bar mutum ya nutse.

Amma kada mu jefar da gwajin Kant don wannan. Mu gwada shi a kan dattijonmu. In ƙa'idarsa ita ce, duk mai makulli ya buɗe in tausayi ya kama shi, to ba gari ɗaya da zai yarda da wannan doka. Rumbu ba zai kai bazara ba. In kuwa ƙa'idar ita ce, mai makulli ya buɗe in rai yana gab da fita, ba wata hanya, ya ɗebi kaɗan, ya faɗa ma jama'a da safe, ya biya daga nasa, to ina tsammani da an tambayi gidajen nan 60 tun da kaka, da sun ce sun yarda. Kowane uba zai tuna cewa wata rana ɗansa ne zai iya daina kuka.

Maganar malamai

Liman yana zaune yana jin su. Shi zai ce: "Daidai shi ne abin da Allah ya yi umurni da shi. Kuskure shi ne abin da ya hana."

Ku sani, malaman Musulunci sun yi wannan gardama tun fiye da shekara 1000 da suka wuce, a garin Basra na ƙasar Iraƙi. Wata ƙungiya da ake kira Mu'utazila ta ce hankali da kansa yana iya gane cewa zalunci mummuna ne, adalci kyakkyawa ne, tun kafin manzo ya zo. Imam Ash'ari, wanda ya rasu wajen shekara ta 936, da farko yana cikinsu, daga baya ya rabu da su. Ya ce shari'a ce ke tabbatar da abin da ya wajaba da abin da ya haramta, ba hankali shi kaɗai ba. Yawancin malaman ƙasashenmu na da can a kan hanyar Ash'ari suka yi karatun tauhidi.

Wannan gardama ba ni zan raba ta ba. Abin da zan nuna shi ne, ko a hanyar liman, dattijon bai huta da tunani ba. An umurce shi ya riƙe amana. An kuma umurce shi ya ceci rai. A daren nan umurni biyu sun haɗu a ƙofa ɗaya. Wanne zai fara shiga?

Malamai ba su bar wannan ba amsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce shari'a ta zo ne don ta tsare abu 5: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. In rai da dukiya suka yi karo, rai ne gaba. An ruwaito cewa a shekara ta 18 bayan hijira, wajen 639, yunwa ta afka ma Madina, har ake ce mata shekarar toka. Sayyidina Umar ya tsaida yanke hannun ɓarawo a wannan shekara. Cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai labarin bayin wani mutum mai suna Haɗibu, waɗanda suka saci raƙuma suka yanka. Da Umar ya gane ubangijinsu ne ke barin su da yunwa, sai ya juya hukunci a kansa. Mai raƙumar ya ce kuɗinta dirhami 400 ne, Umar ya sa Haɗibu ya biya 800.

Wannan labari ya kamata mutanen garinmu su ji shi da kunne biyu. Umar bai tsaya ga hannun da ya ɗauka ba, ya nemi wanda ya jawo yunwar. A garin misalinmu, ina masu sauran hatsi a ɗaka? Ina maƙwabtan matar nan, da suka kwana biyu ba su ga hayaƙi a gidanta ba? Dattijon ne ya buɗe ƙofa, amma ba shi kaɗai ya kai ta ƙofar ba.

Malamai sun ƙara da cewa larura gwargwadonta ake ɗauka. Tiya 3, ba buhu ba. Sun kuma yi zancen niyya, wadda a kanta hadisin farko na Arba'una ta Imam Nawawi yake magana. Sai dai niyya a zuci take, ba mai ganin ta. A ce matar nan ɗiyar ƙanwar dattijon ce, jiya kuma wata bare ta zo da irin kukan ya kore ta. Tiya 3 ɗin ba ta canza ba, yaran da suka tsira ba su canza ba, amma kowa ya san aikin ya canza.

Maganar tsohuwa

A bayan taro akwai wata tsohuwa tana kaɗi. Ita tambaya ɗaya za ta yi: "Ku faɗa mini, wane ne ya buɗe?" Da aka faɗa mata sunan dattijon, sai ta ce: "In shi ne, to akwai dalili." Ta ci gaba da kaɗinta.

Kada ku raina wannan magana. Ita ce ta fi sauran tsufa. Aristo, masanin ƙasar Girka wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan hali ya gina nasa ilimi. An juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza, malaman Musulunci da yawa sun karanta su. Shi bai fara da tambayar wane aiki ne daidai ba. Ya fara da tambayar wane irin mutum ya kamata in zama. Mu kan ce hali zanen dutse ne. Aristo zai ce haka ne, amma zanen da kaɗan-kaɗan ake yin shi. Da gini ake zama magini, da riƙon amana ƙarama ake zama amintacce. Ya ce kowane hali nagari yana tsakanin miyagu biyu. Jaruntaka tana tsakanin tsoro da ganganci. Kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Ba doka a rubuce da za ta nuna maka tsakiyar nan kowace rana, sai hankalin da ya goge da duniya. Har ya kawo misalin matuƙin jirgi da ke zubar da kaya cikin teku lokacin hadari. Ba mai hankalin da ke zubar da kaya haka kawai, amma a ranar hadari mai hankali ne ke zubarwa.

Abin da Hausawa ke ce ma mutumin kirki ke nan: mai gaskiya, mai amana, mai kunya, mai haƙuri, mai karamci. Raunin wannan hanya shi ne, saurayin da aka ba makulli bana, wanda bai goge ba tukuna, in ka ce masa ya yi abin da mutumin kirki zai yi, ba ka faɗa masa kome ba. Mutumin kirki ma yakan yi kuskure, mutane su yi shiru don girmansa.

Abin da nake gani

Na juya waɗannan maganganu na daɗe. Abin da na gani shi ne, ba wuri ɗaya suke dubawa ba. Ɗan kasuwa yana duban bayan aiki. Tsohon soja yana duban alkawarin da ya riga aiki. Tsohuwa tana duban mai aikin. Kowannensu in ya rufe ido ga na sauran, akwai ramin da zai faɗa. Lissafi shi kaɗai ya yanka yaron kwalekwale. Doka ita kaɗai ta nuna ma mai wuƙa ɗakin baƙo.

Lissafin amfani, a ganina, babban wurinsa shi ne ranar da jama'a ke kafa doka, da rana tsaka, kowa yana ji, kowa yana da baki. Mai makulli kuwa aikinsa riƙon doka ne. Dare 99 cikin 100 amsarsa ita ce a'a, ko da ana zagin shi da rowa. Daren da ya rage, wanda rai ke gab da fita, ina ganin dattijon ya yi daidai da ya buɗe. Amma da sharaɗi. Ba faɗa ma jama'a kaɗai ba, domin kaftin Dadli ma ya faɗi nasa da bakinsa. Sharaɗin shi ne nauyin abin ya sauka a kan wanda ya karya dokar, ba a kan wanda ba a tambaya ba.

Bari mu ƙarasa misalin. Da aka sallame sallar asuba, dattijon ya miƙe a ƙofar masallaci, yana riƙe da igiyar akuyarsa, ita ke nan gare shi. Ya ce: "Jama'a, jiya da dare na buɗe rumbu ni kaɗai. Tiya 3 ta fita. Ga akuyata, a kai kasuwa a sayar a maida hatsin. Ga kuma makulli." Kun san yadda kasuwa take a shekarar yunwa, dabba ta faɗi, hatsi ya hau. Da ƙyar ramammiyar akuya za ta maida tiya 3 ɗin.

Tsohon soja ya ce: "Malam, mi ya hana ka yanka akuyar tun jiya, ka ba ta nama, ka bar ƙofa a rufe?"

Dattijon ya ce: "Na yi wannan tunani. Yaron da ya kwana biyu bai ci ba, kunu cikinsa zai karɓa, ba nama ba."

Sai wani magidanci da bai cika magana ba ya tashi, muryarsa tana rawa. Ya ce: "Baba, ni ma nawa ƴaƴan kwana biyu ke nan. Matata ta so ta zo, kunya ta hana ta, ni ma na hana ta, don mun ɗauki alkawari. Ashe mai ƙwanƙwasa ƙofa shi ke samu, wanda ya riƙe alkawari ya kwana da yunwa?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Bai da amsa. Ni ma da nake rubutun nan, na duba wajen Bentam, na duba wajen Kant, na duba wajen Aristo, ban samo ma mutumin nan amsar da za ta gamsar da shi ba.

Da maigari ya dawo, jama'a suka sake zama. Suka ware buhu guda daga cikin irin, suka ce wannan na larura ne. Suka sa mata biyu dattijai su riƙa zagaya gari da maraice, su duba gidan da ba hayaƙi, su auna masa ba sai ya roƙa ba, a rubuta a littafi, a biya da kaka. Sauran irin aka ƙara masa kwaɗo na biyu. Saura magana ɗaya da ta raba taron: makullin. Wasu suka ce a maida ma dattijon, domin yanzu ne aka san ko shi wane ne. Wasu suka ce wanda ya buɗe sau ɗaya, kowa ya san ƙofarsa, mata za su riƙa zuwa da dare, gara a hutar da shi a ba wani.

In kun taru a ajinku, ku karanta wannan wuri da ƙarfi, ku tambayi juna, maza da mata: a maida masa makullin, ko a ba wani? Wanda ya iya rubutu ya rubuta abin da ajinku ya tsaida, da dalilin da ya sa, ku ba malaminku ya aiko mana.